Kunun Sagir

A wani gidan haya a Sharaɗa, can bayan kamfanonin da tireloli ke jeruwa a ƙofarsu, akwai wata yarinya mai suna Badi'a. Shekarunta goma sha ɗaya. Yarinya ce mai kyauta, har kyautar ta so ta yi yawa. In ka ba ta alawa guda, sai ta fasa ta da haƙori ta raba uku.

Babanta yana aiki a kamfanin jimar fata a Chalawa. Innarta kuma tana zuwa tsintar riɗi a wani sito, tun ƙarfe bakwai na safe sai dab da magariba. Da aka yi dogon hutun makaranta, sai rainon ƙaninta Sagir ya dawo hannun Badi'a.

Sagir yana da shekara ɗaya da wata biyu. Tun da ya yi ƙyanda bai koma daidai ba. Wuyansa ya yi siriri, gashinsa ya yi ja, dariya ma sai an yi da gaske yake yin ta.

Ranar wata Alhamis Inna ta nemi izini a wurin aiki, suka kai shi ƙaramin asibitin unguwa. A can suka haɗu da Malama Saudat. Mutane suna ce mata likitar abinci, ita kuwa kullum sai ta gyara musu.

"Ni ba na allura, ba na tiyata," in ji ta. "Ilimin abinci na karanta. Aikina in san abin da zai gina jikin yaro, da yadda za a ba shi."

Ta ɗora Sagir a sikeli ta rubuta. Sannan ta ɗauko wani siririn ma'auni mai launi uku, ta zagaya shi a damtsensa.

"Kore lafiya ne," ta ce. "Ruwan ɗorawa gargaɗi ne. Ja kuwa haɗari ne, sai an kwantar da yaro a babban asibiti."

Badi'a ta leƙa. Damtsen Sagir yana kan ruwan ɗorawa.

Inna ta dafe ƙirji. "Malama, yanzu yaya za mu yi?"

"Kwantar da hankalinki, kun zo da wuri."

Malama Saudat ta ɗauko wata leda cike da gari. "Shekara shida na yi ina aiki a kan garin nan. Gero ne da waken suya da gyaɗa da ɗan busasshen kifi. Mun auna, mun gwada, mun sake aunawa. Yanzu wani ƙaramin kamfani a Bompai ne ke niƙa mana. Yara arba'in nake bibiya da shi, ina auna su duk Alhamis. In kin yarda, Sagir ya shiga cikinsu."

"Na yarda mana," in ji Inna. "Amma ni wuni nake a wurin aiki. 'Yar nan ce za ta riƙa ba shi."

Malama Saudat ta juya ta dubi Badi'a. "To matso, ke ce ɗalibata."

A gabanta ta dama kunun a kan ƙaramin risho. Cokali uku a cike, kofi ɗaya na ruwa, a bar shi ya tafasa sosai. Da ya dahu ta ɗebo, ta karkata cokalin. Kunun ya maƙale, bai zuba ba.

"Kin gani? Haka nake son kaurinsa. Dubi hannun Sagir in ya dunƙule shi. Cikinsa bai fi haka da yawa ba. In kika cika shi da ruwa, zai ƙoshi amma bai ci komai ba. Sau uku a rana, da hantsi da azahar da la'asar. Kuma nasa ne shi kaɗai. Ki ɗauke shi kamar magani."

"To, Anti."

Ta ba ta wani kati. Duk lokacin da Sagir ya shanye, sai ta sa alama. Badi'a ta rungume ledar har gida, tana jin kanta kamar wata ma'aikaciyar asibiti.

To, bari ku ji yadda gidansu yake. Ɗaki tara ne, tsakar gida ɗaya. Da rana manya duk suna kamfani, ba kowa sai yara da wata tsohuwa, Gwaggo Hajjo, mai sa musu ido. A gidan nan ba a sauke tukunya a hana ɗan maƙwabci. Ko ƙanzo ne sai an raba. Ita kanta Badi'a ba ƙofar da ba ta ci tuwo a bakinta ba.

Washegari da hantsi ta ɗora tukunya. Kai, kunun nan akwai ƙanshi! Ƙanshin soyayyar gyaɗa ya cika gidan. Kafin ta sauke, sai ga Usaini ɗan ɗakin kusa da su, mai shekara bakwai, da ƙanwarsa Hauwa. Suka tsaya a kanta suna haɗiyar yawu.

"Yaya Badi'a, sam mana."

"Ba zai yiwu ba. Na Sagir ne."

"Ɗan kaɗan fa."

"An ce shi kaɗai."

Usaini ya ja da baya, ya fara tafi. "Mai rowa! Badi'a mai rowa!" Hauwa ta fashe da kuka.

Gwaggo Hajjo ta ɗago kai daga tsintar wake. "Ikon Allah! A gidan nan za a dama kunu a hana yaro? Ke da kika ci na kowa?"

"Gwaggo, ku yi haƙuri, an ce magani ne."

"Magani da ƙanshin gyaɗa? To, Allah ya ba shi lafiya." Ta kawar da kai.

Kunya ta kama Badi'a kamar ta nutse. Ranar nan ba wanda ya kira ta wasa. Ko da ta fito ɗiban ruwa, sai yaran suka yi shiru suna kallonta. Wannan kalma ta rowa ta tsaya mata a rai har yamma.

Da gari ya waye sai wata dabara ta faɗo mata. Wallahi da ina wurin da na riƙe mata hannu, amma ina! Ta auna cokali uku daidai, ta dama da kofi ɗaya kamar yadda aka koya mata. Da ta sauke, sai ta je randa ta ɗebo ruwa kofi uku ta tuttula a ciki. Ruwan jarka ne da mai tura kurar ruwa ke kawowa, ba wanda ya tafasa shi. Ta juya, tukunya ta cika.

"Usaini! Hauwa! Ku kawo kofi."

Suka zo da gudu. Gwaggo Hajjo ta yi murmushi. "Yauwa 'yar albarka. Ai haka muka san ki."

Sagir ma ya sha nasa zuƙut-zuƙut, har ya fi saurin shanye wannan tsararon a kan mai kaurin. Cikinsa ya yi tim. Badi'a ta sa alama a kati, ranta fes. A ganinta ta yi wayo. Gari bai ragu fiye da ƙa'ida ba, Sagir ya ƙoshi, kuma ba mai sake ce mata mai rowa.

Kafin mako ya zagayo, masu kofi sun zama biyar. Da suka ƙaru, sai ruwan ma ya ƙaru. Ranar Lahadi ce kawai Inna ke damawa da kanta, ran nan kuwa iyaye suna gida, kowane yaro yana ɗakinsu. Don haka Inna ba ta taɓa ganin layin kofunan ba.

Alhamis ta farko, Malama Saudat ta ɗora Sagir a sikeli. Ta duba littafinta, ta sake duba sikelin.

"Bai ƙaru ba," ta ce. "Amma wasu yaran sukan yi jinkiri. Mu ga mako mai zuwa."

Alhamis ta biyu ta ɗora shi a sikeli ta duba. Ta sauke shi, ta gyara sikelin, ta sake ɗora shi. Sannan ta zagaya ma'aunin a damtsensa. Badi'a ta leƙa. Saura ƙiris ya taɓa ja.

"Ya ragu," in ji Malama Saudat. "Yana zazzaɓi?"

"A'a," in ji Inna.

"Tari fa? Amai?"

"Babu ko ɗaya, Malama."

"Kawo katin."

Alamomi sun cika reras, ba gurbi ko ɗaya. Ta karɓi ledar garin ta auna abin da ya rage. Daidai yake da yadda ya kamata.

Ta sunkuyo ta dubi Badi'a a ido. "Yadda na nuna miki kike damawa?"

Badi'a ta waiga. Inna tana kallonta, matan da ke kan layi ma suna kallonta.

"E, Anti."

"Cokali uku, kofi ɗaya?"

"E."

"Shi kaɗai yake sha?"

Badi'a ta sunkuyar da kai, ta gyaɗa shi.

Malama Saudat ta yi ajiyar zuciya. "Abin ya ɗaure mini kai. Sauran yaran duk suna ƙaruwa. In yana shan kunun nan yadda aka ce kuma yana ramewa, to akwai wata cuta a ɓoye. In bai ɗago ba zuwa mako mai zuwa, sai babban asibiti. Kafin nan zan leƙo gidanku."

A hanyar gida hawaye kawai Inna take sharewa da gefen mayafi. Badi'a tana biye da ita. A ranta ta rantse daga yau ta daina.

Ranar Juma'a ta dama mai kauri, ta ɗauki tukunyar za ta shige ɗaki. Tana juyowa ta gan su. Yara biyar a jere, kowa da kofinsa a hannu, Hauwa a gaba tana murmushi da wawulonta. Gwaggo Hajjo tana zaune a inuwa tana kallo.

Badi'a ta tsaya. Ta dubi ɗaki, ta dubi yaran.

"Yau kaɗai," ta faɗa a ranta. "Gobe zan daina."

Ta nufi randa. Ranar Asabar ma haka ta ce, haka kuma ta yi.

Ranar Litinin, Inna ba ta daɗe da fita ba Sagir ya fara gudawa. Badi'a ta wanke shi ta sauya masa wando. Kafin ta shanya wancan ya sake. Kafin hantsi ya yi sau biyar. Ta kawo kunu, ya kawar da kai. Ta kawo ruwa, ya ƙi buɗe baki. Ko kukan kirki ya kasa, sai wani ɗan sauti siriri.

Ta ruga wurin tsohuwa. "Gwaggo, ku zo ku ga Sagir!"

Gwaggo Hajjo ta taɓa goshinsa. "Haƙori ne zai fito. Duk yara suna yi. Goya shi ya yi barci."

Badi'a ta goya shi. Da can in ta goya shi yakan damƙe mata riga. Yau hannuwansa sai reto suke yi. Ta kai ƙofar gida ta dawo, ta sake kaiwa ta dawo. Ba ta da waya, ba ta san hanyar siton su Inna ba. Tsoro ya cika ta.

Ana cikin haka aka yi sallama. Malama Saudat ce, da jakarta a kafaɗa.

"Ina ɗalibata? Na zo in ga yadda..." Maganar ta tsaya. "Sauke shi. Maza!"

Ta duba idanunsa, sun faɗa ciki. Ta ɗan ja fatar cikinsa ta saki, fatar ta daɗe ba ta koma ba. Ta ciro ma'auni ta zagaya a damtsensa. Wannan karon ba sai an leƙa ba. Ja ne.

"Ɗauko mayafinki. Gwaggo, in uwarsa ta riga mu dawowa, ku ce muna babban asibiti."

Suka tare adaidaita sahu a bakin titi. Malama Saudat ta rungume Sagir, ta kira wurin aikin Inna a waya ta ce a sanar da ita. Ba su yi nisa ba suka tarar da wata tirela ta gitta titi tana ƙoƙarin shiga ƙofar kamfani da baya. Motoci suka tsaya cak. Ga rana, ga hayaƙi, ga oda ta ko'ina.

"Malam, don Allah nemi hanya, yaro ne ba lafiya!"

"Hajiya, kina gani ai. Ko allura ba za ta wuce nan ba."

Malama Saudat tana ɗiga wa Sagir wani ruwan magani a baki da ƙaramin cokali, kaɗan-kaɗan. Wani ya shiga, wani ya dalalo. Tana yi tana magana, kamar da kanta take.

"Yaro yana shan kunu mai kauri sau uku, da tafasasshen ruwa. To daga ina gudawa? Daga ina rama? Haka zan faɗa wa likita, su shiga neman cutar da ban san ta ba. Gwajin jini, hoton ƙirji, a jira sakamako. Shi kuwa ba shi da ƙarfin jira."

Badi'a ta dubi ƙaninta. Kansa ya langaɓe a hannun Malama, bakinsa a buɗe. In ta faɗa, Inna za ta ji, Baba zai ji, kowa zai san ta yi ƙarya. In ta yi shiru fa?

"Anti."

"Na'am."

"Anti, ni ce." Kuka ya ƙwace mata. "Ƙarya na yi muku. Ruwa nake ƙarawa. Yaran gidanmu nake ba wa, don kar a ce ina da rowa."

Malama Saudat ta juyo ta dube ta. Badi'a ta runtse ido tana jiran mari. Marin bai zo ba.

"Share hawayenki, ki ba ni amsa daidai. Kofi nawa kike ƙarawa?"

"Da uku ne. Yanzu biyar."

"Yara nawa ke sha?"

"Shida har da shi."

"Tun yaushe?"

"Tun kwana na biyu."

"Wane ruwa? Kina tafasa shi?"

"Na randa ne. Ba na tafasawa."

Malama Saudat ta rufe ido na ɗan lokaci. "Innalillahi. Kusan sati uku yaron nan yana wuni da ruwa a ciki." Ta buɗe ido. "Abin da kika yi babba ne, Badi'a, ba zan ɓoye miki ba. Amma yanzu na san abin da zan faɗa wa likita. Yunwa ce da gurɓataccen ruwa, kuma mun san maganinsu."

Tirelar ta shige, hanya ta buɗe. Mai adaidaita ya taka da ƙarfi.

A asibiti ma'aikata suka karɓi Sagir da gudu. Malama Saudat ta bi su tana jero bayani, aka rufe ƙofa. Badi'a ta zauna a benci ita kaɗai, tana karanta duk addu'ar da ta iya.

Can sai ga Inna a guje, ƙurar riɗi a mayafinta, takalmi ɗaya ya tsinke. "Ina yake? Me ya same shi?"

Malama Saudat ta fito ta riƙe ta. "Suna kansa, an fara ba shi magani. Badi'a tana da maganar da za ta faɗa miki."

Faɗar ta biyu ta fi ta farko wuya. Badi'a ta durƙusa ta faɗi komai, ba ta rage ko ɗaya ba. Inna ta tsaya tana kallonta.

"Ke? Da hannunki? Kina kallo ina kuka a hanya, kika yi shiru?"

"Inna, ki yafe mini."

Inna ta juya ta shiga ɗakin da Sagir yake. Da dukanta ta yi, da ya fi wa Badi'a sauƙi.

Kwana biyu Sagir bai san wanda ke kansa ba. Wata madara ta musamman ake ba shi, 'yar kaɗan, bayan kowace awa biyu. Malama Saudat ce ke lissafa yawanta daidai da nauyinsa, domin ta ce cikin da ya daɗe da yunwa ba a cika shi lokaci guda. Kullum da safe Baba yakan kawo Badi'a kafin ya wuce Chalawa. Tana wanke kofuna, tana miƙa abin da aka ce ta miƙa. Inna ba ta ce mata komai sai "kawo" da "ajiye".

A rana ta uku gudawa ta tsaya. A rana ta huɗu, Badi'a na riƙe da kofin madara, sai Sagir ya buɗe ido ya miƙa hannu ya fizgo kofin. Da ya shanye ya callara kuka, kuka mai ƙarfi, wai a ƙara.

"Alhamdulillahi!" in ji Inna, tana dariya tana hawaye. Ta jawo Badi'a jikinta. "Na yafe miki, 'yar nan. Amma kar ki ƙara ɓoye mini abu, komai muninsa."

Da yamma Malama Saudat ta sami Badi'a a benci, ta zauna kusa da ita.

"Kin san ni ma na yi kuskure?"

Badi'a ta zaro ido. "Ku, Anti?"

"Ni fa. Na yi shekara huɗu a jami'a. Na yi biyar ina tsara abincin yara marasa lafiya a asibiti irin wannan. Da na gaji da ganin ana kawo su a makare, sai na koma bincike, don in tare cutar tun daga gida. Na san abin da ke cikin kowane cokali na garin nan. Amma ban taɓa zama a gidan haya da hantsi na ga wanda ke tsayawa a kan tukunya ba. Na ce miki shi kaɗai, na sallame ki, ban tambaya ko za ki iya ba."

"Da na sani da na faɗa muku tun ranar farko."

"Da kin faɗa, da tun ranar mun gyara. Yanzu ma za mu gyara."

Bayan kwana takwas aka sallami Sagir. Gwaggo Hajjo ce ta fara tarbarsu a zaure. Ta karɓe shi, idonta ya ciko.

"Bakina ne ya jawo," ta ce. "Yarinya ta ce magani ne, na mayar da ita marowaciya. Ladidi, ki yafe mini." Ladidi shi ne sunan Inna.

Ranar Lahadi Malama Saudat ta zo gidan da kwanon awo. Ta tara matan ɗaki tara, ta nuna musu yadda za su soya gero da waken suya da gyaɗa, su kai inji a niƙa. Kowacce ta kawo ɗan abin da take da shi. Tun daga ranar ake ɗora tukunya biyu da hantsi. Babbar ta yaran gida ce, Gwaggo Hajjo ke damawa. Ƙaramar ta Sagir ce, kuma duk yaron da ya matso kusa da ita, da Gwaggo zai gamu.

Sati shida bayan haka, ranar Alhamis, damtsen Sagir ya hau kore. Kumatunsa sun ciko, yana ta ƙoƙarin sauka daga sikeli. Badi'a ta yi tsalle har sai da aka ce ta yi a hankali.

Ran nan akwai sababbin mata goma sha biyu da suka zo karɓar gari. Malama Saudat ta ja Badi'a gefe.

"Za ki iya gaya musu abin da ya faru? Ba dole ba ne."

A gaban mutane? Badi'a ta dubi jariran da ke hannun matan, masu siraran wuya da jan gashi. Ta ce za ta iya.

Ta tsaya a gaba. Ta faɗi yadda aka ce mata mai rowa, da yadda ta ƙara ruwa, da yadda ta yi ƙarya sau uku a jere a wannan ɗakin. Ta faɗi yadda hannun Sagir ya yi reto a bayanta.

Can daga layin baya, cikin tsofaffin masu zuwa awo, wata mata mai suna Maryam ta ɗaga hannu a hankali. 'Yarta tana kwance a cinyarta.

"Malama," ta ce, kanta a ƙasa. "Ni ma haka nake yi. Yau kwana tara. 'Ya'yan yayata ne, na kasa hana su."

Malama Saudat ta miƙe nan take. "Kawo ta nan mu auna. Kin kyauta da kika faɗa."

Aka zagaya ma'auni a damtsen jaririyar. Badi'a ta leƙa. Ruwan ɗorawa ne, bai kai ja ba.

"Mun same ta da wuri," in ji Malama Saudat. Ta juya ga matan. "Kun ji da kunnenku. Kyauta abu ne mai kyau, amma ba a kyauta da abincin mara lafiya. In abu ya fi ƙarfinku, ko kun yi kuskure, ku faɗa da wuri. Jin kunya na minti ɗaya ya fi a rasa yaro."

Maryam ta gyara goyon 'yarta, ta zo ta dafa kan Badi'a.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ba don ke ba, da yau ma shiru zan yi."